Sukari Ya Faɗi, Jiki Bai Faɗa Ba

A cikin watan azumin 2024 aka tsinci kawuna a gonarsa ta shinkafa da ke fadamar Argungu, wajen azahar, yana zaune a bakin kwalbatin ban ruwa yana surutan da ba kai ba gindi. Bai gane 'ya'yansa ba. Waɗanda suka taru a kansa suka ce gamo ya yi, tun da wurin bakin gulbi ne, har wani ya tafi neman mai ruƙiyya. Allah ya sa babban ɗansa ya dage aka kai shi asibiti. Wata malamar jinya ta tsira masa allura a yatsa, na'ura ta nuna sukarin jininsa bai kai 50 ba. Aka ɗaura masa ruwan sukari ta jijiya. Kafin a yi sallar la'asar ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya kuwa shi ne ko an kashe injin ban ruwa.

Da na zo daga Birnin Kebbi washegari na ce masa, "Kawu, kafin abin ya same ka ba ka ji rawar jiki ba, ko gumi, ko faɗuwar gaba?" Ya ce, "Ɗana, ban ji kome ba. Ina duban ruwa, sai na gan ni bisa gado." Mutumin nan ya fi shekara goma da ciwon sukari, kuma ya daɗe yana kukan ƙafafunsa suna yi masa minjirya da dare. Akwai ranar da ƙaya ta huda masa tafin ƙafa bai sani ba, sai da ya ga jini a takalmi. Ra'ayina shi ne shirun ƙafar nan da shirun da jikinsa ya yi a gona dangin juna ne, kuma mai irin wannan hali ya fi kowa cancantar ya mallaki na'urar awon sukari a gidansa, ko da kuwa da kuɗin jama'a za a saya masa.

Bari mu faro daga tushe. Duk sukarin da ke yawo a cikin jinin babban mutum mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, watau cikin ƙaramin cokalin shayi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cin kusan giram 120 a kowace rana, kuma ba ta da rumbun kirki na kanta. Saboda haka dole ne hanta ta riƙa sakin abin da ta ajiye kaɗan kaɗan, dare da rana. Sinadarin insulin, wanda ke fitowa daga wani ƙululu da ke kwance bayan tumbi, shi ke saukar da sukari. Idan ya sauka ƙwarai, sai jiki ya saki gulukagon da adirenalin su tashe shi. Adirenalin ɗin nan ne ke kawo rawar hannu da bugun zuciya, jijiyoyin da ke aiki tare da shi kuma su kawo gumi da yunwa mai tsanani. Waɗannan su ne ƙararrawar jiki. Likitoci sun tsayar da 70 a ma'aunin miligiram a matsayin iyaka, abin da ya gaza 54 kuwa haɗari ne sosai, don a nan ne ƙwaƙwalwa take fara ruɗewa.

Hausa tana kiran hanyar jini jijiya, tana kuma kiran hanyar saƙo jijiya, to a nan ta biyun nake nufi. Yawan sukari na shekaru yana cinye jijiyoyin saƙo, yana farawa da mafi tsawo, waɗanda suka gangara har yatsun ƙafa. Shi ya sa ciwon ke somawa daga ƙasa ya hauro kamar mai sa safa. Masuntan Matan Fada sun san kifin da ake kira minjirya, mai girgiza hannun wanda ya taɓa shi da lantarkinsa. Kakanninmu da suka ba wa wannan ji na ƙafa sunan kifin ba su yi kuskure ba, don saƙon jijiya ma lantarki ne. Sai dai ciwon ba ya tsayawa ga jijiyoyin fata kullum. Yakan taɓa waɗanda ke gudanar da zuciya da hanji da gumi ba da saninmu ba, watau waɗanda ke kaɗa ƙararrawar da na ambata. Akwai kuma dalili na biyu wanda ya ma fi wannan ƙarfi. Binciken Philip Cryer na jami'ar Washington da ke Sant Luwis a Amurka ya nuna cewa kowace faɗuwar sukari tana rage ƙarfin ƙararrawar da za ta kaɗa a faɗuwa ta gaba. Jiki yakan saba, ya daina kuka. Abin daɗi a nan shi ne, idan aka kiyaye mutum daga faɗuwar na 'yan makonni, sau da yawa alamun sukan dawo. To ta yaya za a kiyaye shi daga abin da ba ya ji, in ba da awo ba?

Abin da ke damuna shi ne, duk wa'azinmu a kan ciwon sukari fuska ɗaya yake kallo. A rediyo, a majalisa, a bakin kemis, magana ɗaya ce: sukari ya hau, a saukar da shi. Gaskiya ce, amma rabi. A 1993 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu allurar insulin. Waɗanda aka matsa wa sukari ya sauka kusa da na mai lafiya, ciwon jijiya ya ragu musu da kimanin kashi 60 cikin 100. Amma mummunar faɗuwar sukari ta ninka musu har sau uku. A 2008 kuma aka dakatar da wani sashe na wani binciken da ake kira ACCORD, a kan manya masu ɗaya nau'in ciwon, don an ga mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka fi matsa wa. Ke nan mai neman ceton ƙafarsa tafiya yake yi a kan siraɗi, rami ta dama rami ta hagu. Hawan sukari yakan ɗauki shekaru kafin ya yi ɓarna, faɗuwarsa kuwa tana iya kashewa tsakanin azahar da magariba.

A nan kwarin Rima muna da namu abubuwan da ke ƙara wa wutar makamashi. Ƙwayar gilibenkilamid tana da araha, ana samunta ko'ina, kuma tana tilasta wa jiki sakin insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, aikinta yana daɗewa, balle ga dattijo mai raunin ƙoda. Ita kawuna ya haɗiya da sahur, ya tafi dashe cikin rana. Aikin ƙarfi yana zuƙe sukari. Wasu kuma suna haɗa maganin asibiti da jiƙon garahuni ko shuwaka ko ganyen darbejiya. Ni ba mai raina tsirrai ba ne, a kansu nake cin abinci, kuma gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna wasunsu suna rage sukari. Wannan shi ne ma dalilin tsoro, don ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryar. Sa'an nan ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi kansa yakan kayar da sukari, haka ma maganin kwinin.

Yaya ake tabbatar da cewa jiri ko suma daga faɗuwar sukari ne? Tun 1938 wani likitan fiɗa, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa uku da har yau ake bi: a ga alamun, a auna a sami sukari ƙasa a daidai lokacin da alamun ke nan, a ba da sukari alamun su gushe. Sharaɗi na tsakiya shi ne matsalar mutumin ƙauye. Wanda jiri ya ɗiba a Gulma ranar Talata, ya sha fura, ya zo Birnin Kebbi ganin likita ranar Alhamis, awonsa zai fito lafiya lau. Na'urar gida kaɗai ke iya kama ɓarawon da kaya a hannu. Irinta ta farko, wadda Anton Clemens ya ƙera wa kamfanin Ames wajen 1970, ta fi kilo ɗaya nauyi, kuma don ofishin likita aka yi ta. Ta yau tana shiga aljihun riga, ɗigon jini ɗaya ya ishe ta.

Ba na cewa na'urar ba ta ƙarya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2013 ta yarda mata ta kauce da 15 sama ko ƙasa idan sukari bai kai 100 ba, don haka 75 yana iya zama 60. Yawancin tsinkayen gwaji an rubuta a jikin gwangwaninsu kada su wuce zafin digiri 30, alhali a watan Afrilu Birnin Kebbi takan haura 40. Tsinken da ya wuni a aljihun mai babur ba abin dogaro ba ne. A rufe gwangwanin nan take, a ajiye shi a inuwa kusa da randa, ba cikin ruwa ba. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino yakan ba da lamba mai yawa ta ƙarya, sai an wanke shi ya bushe. Ƙarancin jini ma yakan sa wasu na'urori su nuna fiye da gaskiya. Kuma a lura da ma'auni: wata na'urar tana rubuta 70, wata ta rubuta 3.9, duk abu ɗaya ne, da 18 ake rabawa. Na taɓa ganin iyalin da suka firgita da 5.5 suka ɗura wa tsohuwarsu lemo, alhali lafiyarta ƙalau.

Wani abokin aikina yakan ce da ni, "Dakta, kana maganar tsinke ga wanda bai iya sayen magani ba." Yana da gaskiya, musamman tun da darajar naira ta zube a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Na kuma yarda cewa ba kowa ke bukatar awo kullum ba. Mai shan metfomin kaɗai da wuya sukarinsa ya faɗi, abin da ya fi bukata shi ne a riƙa duba masa bitamin B12, don daɗewa a kan maganin yakan rage shi, rashinsa kuma yana kawo tasa minjiryar. Amma mai insulin ko gilibenkilamid, wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko wanda ya taɓa suma, wannan rukuni ne ƙarami da za a iya ganewa da ɗan zaren roban nan da ake dannawa a tafin ƙafa, gwajin da bai kai minti biyar ba. Su nake roƙon hukumar inshorar lafiya ta jiha ta sa tsinkensu cikin abin da take biya. Gwamnatin tarayya ta aza harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Ban ga inda ya fi dacewa da wani kaso na irin wannan kuɗi ba. Kwanan dattijo ɗaya a asibiti, ko yanke ƙafa ɗaya, ya fi tsinken watanni tsada.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannun iyali. Idan awo ya nuna ƙasa da 70 mutum kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na sukari, watau ƙwaya uku ta sukarin kwali, ko babban cokali ɗaya na zuma, a jira minti 15 a sake aunawa, sa'an nan ya bi da abinci mai nauyi. Wanda ya suma ba a ɗura masa kome a baki, don zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a gaggauta zuwa asibiti. Mai gilibenkilamid ko ya farfaɗo a gida ya ga likita, don sukarin yakan sake faɗuwa bayan wasu awoyi. Game da azumi, jagorar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2016 tare da shawarar malaman addini ta ce tsira yatsa ba ya karya azumi, kuma wanda awonsa ya gaza 70 ya sha ruwa nan take.

Likita ya canza wa kawuna magani. Na saya masa na'ura da littafin rubutu mai layi, jikarsa 'yar aji biyar ita ke rubuta lamba da lokaci da abin da ya ci, ita kuma ke duba masa tafin ƙafa da tocila kafin ya kwanta. Cikin makonni shida littafin ya nuna lambobinsa sun fi sauka wajen hantsi a ranakun ban ruwa, abin da awon asibiti na wata wata bai taɓa nunawa ba. Yanzu ranar ban ruwa sai ya karya da tuwo kafin ya fita, da takalmin roba a ƙafa, da ƙwayar sukari uku ƙulle a leda cikin aljihu.