Kafin A Sayi Amfilifaya, A Dubi Bayan Lasifika

Masu gyaran rediyo sun saba jin wannan kuka. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayo akwatin sauti, watau rediyon nan mai haɗe da amfilifaya, ya jona masa lasifikoki, ya sha kiɗa na 'yan makonni. Ran nan ana tsakar biki sai akwatin ya ɗau zafi ya yi shiru, wani lokaci har da ƙauri. Nan take akan ɗora wa wutar lantarki laifi, alhali kuwa sau da yawa dalilin yana rubuce a bayan lasifikar tun ranar ciniki.

A bayan kowace lasifika ta kirki akwai lamba, galibi 8 ko 6 ko 4, tare da alamar Ω. Wannan shi ne awon turjiyarta, watau yadda take tare wutar da amfilifaya ke tura mata. Ana kiran awon om, da sunan Bajamushen nan Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827. Iyakar ƙanƙantar lambar, iyakar yawan wutar da lasifika za ta ja. Idan amfilifaya ta fitar da bolt 20, lasifika mai om 8 za ta ja amfiya 2 da rabi, mai om 4 kuwa za ta ja amfiya 5, ninki biyu ke nan. Duk wannan wuta ta cikin hanjin akwatin take bi, kuma sashenta zafi yake komawa. Lambar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, domin a wasu muryoyin kiɗa takan faɗi ƙasa da abin da aka rubuta.

Saboda haka wanda ke da lasifika mai om 4, wajibi ne ya juya bayan akwatin da yake taya, ya karanta rubutun da ke kusa da wurin ɗaura waya. In an rubuta 4 zuwa 16, to ya dace. In kuwa daga 8 aka fara, ya haƙura da shi komai kyansa. Haka nan masu ɗauko lasifikar mota su jona a ɗaki, su sani yawancinta om 4 ce.

Kada yawan wat da aka zana a kwali ya ruɗi mai saye, musamman wanda aka bi da haruffan PMPO. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Tun a 1974 hukumar ciniki ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfin da akwati ke iya ɗorewa a kai, kuma shi ne abin dubawa. Akwatin da ke ba da wat 50 a om 8, ya kuma kai 80 ko fiye a om 4, yana da ƙwarin ɗaukar kaya.

Akwai kuma tarkon maɓallin A da B. A akasarin akwatuna, in aka kunna su tare, lasifikoki biyu masu om 8 sukan koma om 4 a kowane gefe, masu om 4 kuwa su koma om 2, nauyin da ba kowace amfilifaya ke jurewa ba.

Mai sayen na hannu a Alaba ko Sabon Gari ya ƙara da duba awon wutar, domin kayan Japan bolt 100 suke sha, na Amurka 120, na Nijeriya kuwa 230. In an kai gida a ajiye shi inda iska ke ratsawa, kada a rufe kansa da ƙyalle, a kuma riƙa kakkaɓe masa ƙurar hunturu. Minti ɗaya na karanta bayan akwati ya fi mako guda a shagon mai gyara.