Kifin katako: a auna aikin yaro da ƙarkonsa

A makarantar horar da malamai inda nake koyarwa, idan aka zo ayyukan hannu, waɗanda muke kira APP, yawancin malaman gobe abu guda suke tunani: a yi abin da zai yi kyau ranar da mai duba makarantu zai zo. A shafa fenti, a jera bisa tebur, a ba da maki, bayan sati biyu a share a zubar. Ni ina ganin wannan tarbiyya ce marar kyau. Yaron da ya saba aikinsa na kallo ne kawai, zai girma yana gina katangar da damina ɗaya za ta rushe. Don haka nake ba malamai shawarar wani ɗan aiki da ruwa ne alƙalinsa: kifin katako na fatsa.

Guntun itace ne da ake sassaƙawa da siffar ƙaramin kifi, a rataya masa ƙugiya, a jefa a riƙa ja, yana kaɗa jiki kamar kifin da ya ji rauni. Kifayen da ke farautar ƴan uwansu, irin su giwan ruwa da tsage na kogin Kwara, su ne ke kai masa cafka. Sassaƙar ba ta da wuya, ɗan aji biyar ko shida zai iya. Wuyar ita ce ya daɗe. Itace na shan ruwa, ya kumbura, fenti ya tsage, nauyi ya sake, kifin ya daina iyo daidai. Tsage kuma haƙoransa kamar allura suke.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A 1936 wani masunci talaka a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa da ɓawon itace mai sauƙi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan. Da yake ba shi da abin rufewa, sai ya narkar da fim ɗin hoto ya shafe shi da shi don ruwa kada ya shiga. Sunansa ne yau ke kan kamfanin Rapala da masu fatsa suka sani a duniya. Abin lura shi ne tun farko ya damu da abin da zai kare aikin daga ruwa.

Ƙarko daga ciki yake farawa. A nemi itacen da ya bushe sarai, domin ɗanye yana riƙe da ruwa a cikinsa, kuma duk abin da aka shafa masa zai ɓare. Ragowar farin katako na wurin kafinta ya isa, ba sai an sari icce ba. Na biyu, kada a dogara da ƙaramin ƙarfen da aka murɗa cikin itace don riƙe ƙugiya. Babban kifi zai tumɓuke shi, kuma ta ramin nan ruwa ke shiga. A raba katakon biyu a tsaye, a shimfiɗa waya guda marar tsatsa daga baki har wutsiya, a lanƙwasa mata zobba, a manne. Ko itacen ya fashe, kifin da aka kama yana kan waya. Don nauyin ciki a sa guntun ƙusa. Kada malami ya bari yara su taɓa dalma. Mun ga yadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Sannan sai rufewa, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa. Kafin fenti, a tsoma katakon cikin man ƙyalli na kafinta wanda aka tsinka, don ya ratsa ciki, musamman a baki da wutsiya inda jijiyar itace take a buɗe. A rataya ya kwana, a goge da takarda mai yashi, a sake, sau biyu ko uku. Bayan haka farin fenti, sannan launi. A ƙarshe a lulluɓe da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake haɗawa, a riƙa juya shi har ya fara ƙarfi don kada ya taru gefe guda. A yi wannan a waje inda iska ke kaɗawa, kuma malami ne zai sa ƙugiya da hannunsa bayan an gama komai. Idan an dawo daga ruwa a shanya a inuwa, domin zafin rana irin na watan Afrilu yana fasa rufin.

Makin kuma bokiti ne zai ba da shi. A auna kowane kifi da ƙaramin sikeli, a jiƙa shi ya kwana, a goge a sake aunawa. Wanda nauyinsa ya ƙaru ya sha ruwa. A nan yaro zai yi ragi da gram, ya ga dalilin da ya sa abu ke yawo bisa ruwa ko ya nutse, ya kuma gane cewa wanda ya fi kyau a ido ba lallai ne ya ci gwaji ba.

Na san abin da za a ce. Masuntanmu na Madarunfa da Tabalak da Gidimuni taru da tana suka fi amfani da su, kuma na roba suna nan a kasuwa. Gaskiya ne, kuma ba na cewa kowane yaro zai zama masunci. Amma ilimin busar da itace da toshe shi da jiran shafi ya bushe kafin a ƙara wani, shi ne ilimin ƙofa da benci da kwalekwale. Wasu kuma za su ce lokaci bai isa ba. Minti goma a rana na sati ɗaya ya wadatar, tunda yawancin aikin jira ne.

Iyaye, idan yaro ya kawo abin da ya yi a lakwal, kada ku tsaya a "ya yi kyau". Ku tambaye shi me ke ƙarƙashin fentin, sau nawa ya shafa, ko ya gwada shi a ruwa. Malamai kuma, mu jinkirta ba da maki har sai abin ya kwana cikin bokiti, sannan mu bar yaron da nasa ya sha ruwa ya goge ya sake.