Mun Koya Musu Tsoron Dodo, Mun Bar Su Da Mutane

Mun iya tsorata yaro. Da magariba ta yi mu ce ya shigo kada iska ta taɓa shi, in ya ƙi barci mu kira masa Dodo. Amma Dodo bai taɓa sace ɗan kowa ba. Mutum ne ke sacewa, kuma sau da yawa mutumin da yaron ya saba gaidawa ne.

A watan Disamba na 2021 aka ɗauke wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano, tana hanyar dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta mai makarantar bokon da take zuwa ne. Ya nemi kuɗin fansa, ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Mun yi kuka, mun yi Allah wadai a Facebook, sannan muka koma gida muka ci gaba da karanta wa 'ya'yanmu tsohon darasi: ba a yi wa babba gardama.

A nan laifinmu yake. Mun koya wa yaro ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya tafi duk inda babba ya aike shi. Ba mu taɓa ce masa akwai ranar da “a'a” ita ce ladabi ba. In ya zo da ƙorafin wani kawu ko wani malami, mu ce ya rufe mana baki. Yaron da aka mara don ya yi magana jiya, yaya zai yi ihu gobe? Da ɗan gari akan ci gari, mu kuwa mun miƙa wa ɗan garin mabuɗi.

Wasu za su ce irin wannan zance yana firgita yara, kuma Allah ne mai tsarewa. Gaskiya ne, Shi ne mai tsarewa, amma duk dare muna kulle ƙofa. Batun firgici kuwa, yaran da suka ji labarin Ƙanƙara da Jangebe da Tegina a rediyo sun riga sun firgita. Shirunmu yana barin su ne su kaɗai da tsoron.

Yaron da ya iya haddace surori yana shekara huɗu zai iya haddace lambar wayar mahaifiyarsa da sunan unguwarsu. Zai iya riƙe cewa ba ya shiga adaidaita sahun kowa, ko na malaminsa ne, sai da izinin gida. Zai gane cewa duk babban da ya ce “kada ka faɗa wa Umma”, to a ranar Umma za ta ji.

Ladabi gadonmu ne, ba mu ce a zubar da shi ba. Mu haɗa shi da izinin gudu da ihu. Yau da daddare, kafin tatsuniya, mu zaunar da su mu yi musu wannan magana, kuma duk abin da suka faɗa mana, mu ji har ƙarshe kafin mu tsawata.