Ra'ayinmu: Darasin da fagen dambe zai ɗauka daga ƙwallon Amurka

Da zarar an kai gero rumbu a ƙasar Tasawa da Mayahi, sai kalangu ya fara kiran samari. Daga Tchake zuwa garuruwan da ke kewaye da ita, kaka lokaci ne na kokawa da dambe, kamar yadda aka gada. Abin da ya sauya shi ne, yanzu akwai waya a kowane fage. Kisan da aka yi da la'asar, kafin isha'i ya kai hannun 'yan uwanmu da ke Kano da Agadas da Libiya, ana ta yaɗa shi ana shewa. Wanda ya faɗi kuwa, babu mai tambayar yadda ya kwana.

Wannan ne ya sa muke ganin ya dace mu leƙa wani wasa da ba mu yi a nan, wato ƙwallon Amurka, wadda ƙarti ke ruguwa da ƙwallo a hannu suna karo da juna. A shekarar 1905 kaɗai, 'yan wasa aƙalla 18 ne suka mutu a cikinta. Abin ya kai Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa. A 1906 aka sauya dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a rage cincirindon da ake tattake mutane a ciki. Masu cewa an lalata wasan sun yi ta kururuwa, amma yau babu wasan da ya kai shi farin jini a ƙasar.

Daga baya aka tilasta sanya hular kwano, a jami'o'i a 1939, a babbar gasar NFL kuma a 1943. Fashewar kai ta ragu, aka ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 2002 wani likita haifaffen Najeriya, Dakta Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster bayan rasuwarsa, ya gano cutar da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke haddasawa. Tana zuwa da mantuwa da saurin fushi da ruɗewa, sau da yawa shekaru bayan mutum ya bar fage. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar, suka sami cutar a 110.

Dalilin a fili yake. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikinsa. Shi ya sa hukumar NFL ta koma kan doka: an hana kai hari da kai, an sa likitoci masu zaman kansu da ke da ikon fitar da ɗan wasa, kuma a 2024 aka sake tsarin bugun farko na wasa domin rage karo da gudu. Ko a damben zamani, an cire wa maza hular kariya a gasar Olamfik ta 2016, bayan hukumar wasan ta ce ba ta rage jijjigar ƙwaƙwalwa.

Wannan labari ne mai daɗi ga talaka, domin abin da ya fi ceton rai ba sai an saye shi da kuɗi ba. Kuma gyara ba baƙon abu ba ne a wasanninmu. Tsofaffi na ba da labarin zamanin da wasu ke saka garin kwalba a ɗaurin hannu. An hana, dambe bai mutu ba. Kokawa ma, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ta samu alƙalai da ƙa'idoji rubutattu, sai ma ƙara daraja da ta yi.

Don haka muna kira da a ɗauki matakai huɗu. Na farko, duk wanda aka buge har ya suma, ko ya tashi yana tangaɗi, ya gama wasa a ranar, kuma kada ya koma fage sai ya huta. A damben zamani mafi ƙarancin hutun kwana 30 ne. Zuba wa mutum ruwa a ka a tura shi turmi na gaba ba jarumta ba ce. Na biyu, a riƙa haɗa tsara da tsara ta fuskar nauyi da shekaru. Sikelin da ake auna buhu ya isa wannan aiki. Na uku, alƙali ya duba ɗaurin hannu a gaban jama'a, a kuma kori duk wanda ya shigo a buge da Tramol ko wata ƙwaya, domin mai maye ba ya jin raunin da ke kashe shi. Na huɗu, kada a buga kalangu sai akwai ma'aikacin lafiya a wurin da motar da za ta kai mutum asibiti. Wanda ya fara amai ko ciwon kai mai tsanani ko barci mai nauyi bayan bugu, asibiti ne wurinsa a daren, ba gida ba.

Magadan gari da sarakuna, waɗanda ake neman izininsu kafin a kafa fage, su ne ya kamata su gindaya waɗannan sharuɗɗa. Masu shirya wasa su ware kuɗin ma'aikacin lafiya daga kuɗin ƙofa. Su kuma 'yan uwa mazauna waje da ke aiko da kyautar babur ko kuɗi ga zakara, su fara tambaya ko an cika sharuɗɗan kafin su aiko.

Yaron da ke fage a yau, shi ne zai riƙe hauya da damina, shi iyaye da mata da 'ya'ya ke jira. Amurkawa sai da suka binne mutane da yawa kafin su gyara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.