Laifin Wa Ne In Wi-Fi Ya Ƙi Kamawa?

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsohuwar na'ura ba ta iya cikawa, alhali kuwa yawancin kwamfutocin cinya da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu suka juya ga Linux, watau Ubuntu ko Mint ko Debian ko Fedora, domin kyauta ne, kuma tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba. To, sai dai akwai dutsen da mutane da dama ke tuntuɓe da shi tun a ranar farko. An gama ɗora tsari, allo ya yi kyau, sauti yana fita, amma Wi-Fi ya ce bai san zance ba. Nan take sai a yanke hukunci, a ce Linux ba abin mutane ba ne, a koma ga Windows ɗin sata.

Ni a ganina wannan hukunci zalunci ne, kuma irin fushin zomo ne, wanda ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Matsalar ba ta samo asali daga buɗaɗɗiyar manhaja ba. Tushenta shi ne rufa-rufar masu ƙera kaya, da kuma ɗabi'armu ta sayen na'ura ba tare da tambayar abin da ke cikinta ba.

Bari mu fara da fayyace yadda abin yake aiki. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar ƙwaya wadda ita ce rediyon da ke aikawa da saƙo kuma take karɓa. Wannan ƙwaya ba HP ko Dell ko Lenovo ne suka ƙera ta ba, saye suke yi daga wasu kamfanoni ƙalilan, irin su Intel da Broadcom da Realtek da MediaTek, da Atheros wanda Qualcomm ya saye a 2011. Kowace ƙwaya da harshenta. Saboda haka tilas a sami tafinta tsakaninta da cibiyar tsarin, kuma wannan tafinta shi ake kira direba. Bayan direba akwai abu na biyu, wata 'yar manhajar ciki da ake ɗura wa ƙwayar kanta duk lokacin da aka kunna na'ura. In babu direba, tsarin ba ya ma sanin yadda zai yi wa ƙwayar sallama. In akwai direba amma babu manhajar ciki, to, an yi sallama amma mai gida yana barci.

Wanda zai rubuta direba dole ne ya san harshen ƙwayar, kuma kamfanin da ya ƙera ta ne kaɗai ke riƙe da ƙamus ɗin. Shekara da shekaru kamfanoni suna rubuta wa Windows direba su tsaya nan, ba su rubuta wa Linux ba, ba su kuma saki bayanan da wani zai rubuta ba. Don haka ne a 2003 aka fito da wata dabara mai suna NDISwrapper, wadda ke ɗauko direban Windows ta lulluɓe shi ta sa shi aiki a cikin Linux. Aron riga ne, yakan rufe tsiraici amma ba ya zama daidai jiki. Game da ƙwayoyin Broadcom kuwa, 'yan sa-kai ne suka raba kansu gida biyu: wasu suna nazarin yadda ƙwayar ke aiki suna rubuta bayani, wasu kuma suna karanta bayanin kaɗai suna rubuta sabon direba, don kada a zarge su da satar fasaha. Daga wannan wahala aka sami direban b43. Duk da haka ba su da izinin rarraba manhajar cikin, sai mai na'ura ya yanko ta da kansa daga direban kamfanin da wata 'yar manhaja mai suna b43-fwcutter.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata mafi ƙarfi. A 2008 kamfanin Atheros ya saki buɗaɗɗen direba mai suna ath9k, kuma tun daga nan ƙwayoyinsa na wannan zubi suka zama abin da ake ba da misali da shi, ka ɗora tsari ka tarar da Wi-Fi yana jiranka. A 2010 Broadcom ma ya saki buɗaɗɗen direba ga wasu daga cikin ƙwayoyinsa. Intel ya daɗe yana kula da direbansa iwlwifi a cikin cibiyar Linux, ko da yake manhajar cikinsa a rufe take. Realtek ya shekara yana jefo direbobi a gefe, kowace ƙwaya da nata, kafin rtw88 ya shiga cibiya a 2019. Watau duk inda kamfani ya buɗe ƙofa matsala takan gushe, duk inda ya rufe takan dawwama. Tsarin ɗaya ne, halin masu ƙira ne ya bambanta. Ya kamata kuma a tuna da mutane irin su Larry Finger, masanin kimiyya ɗan Amurka wanda bayan ya yi ritaya ya duƙufa wajen gyaran direbobin Broadcom da Realtek har zuwa rasuwarsa a 2024. Ɗalibai da yawa suna shiga intanet yau da gumin wannan dattijo ba su taɓa jin sunansa ba.

Adalci ya wajabta a ji ta bakin kamfanonin. Sukan ce rediyo ba abin wasa ba ne, kowace ƙasa tana da dokar da ta ƙayyade tashoshin da za a yi amfani da su da ƙarfin da za a watsa, kuma in aka buɗe komai wani zai iya ƙetare iyaka. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A Amurka, alal misali, na'urorin gida a zangon gigahaz 2.4 a tasha ta 11 suke tsayawa, a Turai kuwa ana kaiwa ta 13, a Nijeriya kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ke da ta cewa. Amma Linux ya riga ya tanadi kundin dokokin ƙasashe wanda direbobi ke bi, kuma Atheros ya buɗe direbansa sama ba ta faɗo ba. Hujjar doka tana iya kare ɗan ɓangare na sirrin, ba za ta kare barin mai saye cikin duhu ba.

Haka kuma ba zan wanke mutanen buɗaɗɗiyar manhaja tas ba. Debian ya daɗe yana ƙin sanya rufaffiyar manhajar ciki a faifansa na hukuma saboda aƙida, abin da ya jefa sabon shiga cikin wani irin tarko: yana bukatar intanet don ya sauko da abin da zai ba shi intanet. Sai a 2022 membobinsa suka kaɗa ƙuri'a suka sauya wannan matsayi, kuma Debian 12 da ya fito a 2023 ya zo da manhajojin cikin. Aƙida abu ne mai kyau, amma aƙidar da ta bar talaka a bakin ƙofa tana bukatar a sake dubanta, kuma sun kyauta da suka sake.

To, ya kai mai karatu, in abin ya same ka, me za ka yi? Kada ka fara da kwafo umarnin da ba ka fahimta ba, domin shan magani kafin a san cuta shi ke ƙara ciwo. Bincike hawa-hawa ne. Da farko ka san sunan ƙwayarka. Buɗe allon umarni ka rubuta lspci -nnk in a cikin na'ura take, ko lsusb in irin wadda ake soka wa a gefe ce. Za ka ga lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farko ta kamfani ce: a lspci, 8086 Intel ke nan, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros. Ta biyu ita ce ainihin ƙwayar. Umarnin lspci -nnk zai kuma nuna maka direban da ke riƙe da ita, in akwai. Da wannan lamba za ka nemi taimako, ba da sunan da ke jikin murfin kwamfuta ba.

Na biyu, ka tabbata ba a kashe rediyon ba ne. Umarnin rfkill list zai gaya maka ko an toshe shi ta manhaja ko ta maɓalli. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan makunni a gefe ko a jerin maɓallan sama, kuma mutum yakan kwana yana zargin direba alhali yatsansa ne ya goge shi. Na uku, ka karanta abin da cibiya ta rubuta da kanta. Umarnin dmesg littafin rajistarta ne, kuma in manhajar ciki ce ta ɓata, za ta faɗi sunan fayil ɗin da ta nema ta rasa. Maganin wannan shi ne ka haɗa wayarka da kwamfutar ta igiya, ka ara mata intanet, ka sauko da kunshin linux-firmware ko makamancinsa a tsarinka. Wayar da ke aljihunka ta warware tarkon da ya wahalar da na gabanmu.

Na huɗu, ka lura da kishiyoyi. Ƙwayoyin Broadcom suna da direba fiye da ɗaya, akwai b43, akwai brcmsmac, akwai kuma rufaffen direban kamfanin mai suna wl, kuma in biyu suka yi rububin ƙwaya ɗaya babu mai samu. Sai an zaɓi ɗaya an dakatar da saura. Na biyar, in Wi-Fi yana aiki jiya ya mutu yau bayan sabunta tsari, mai yiwuwa direbanka na gefe ne, ba ya cikin cibiya. Irin wannan direba sai an sake gina shi duk lokacin da cibiya ta sauya, aikin da DKMS ke yi, kuma tsaron kunnawa na Secure Boot yakan ƙi shi in ba a sa masa hannu ba. Kafin a gyara, kana iya zaɓar tsohuwar cibiya a lokacin kunnawa ka ci gaba da aikinka. Akwai kuma ƙananan cututtuka sanannu. Ƙwayar RTL8723BE ta yi suna wajen raunin kamu a kwamfutocin da aka sa wa eriya ɗaya tak, kuma ana gyara ta da gaya wa direba wace kafa ce ke da eriyar ta hanyar ant_sel. Wanda ya haɗa Windows da Linux a na'ura ɗaya kuma, ya kashe kunnawar gaggawa ta Windows, domin takan bar ƙwayar cikin halin da Linux ba ya iya tashinta.

In ka tabbata ƙwayar tana raye, tana ganin tashoshi, amma haɗuwa ta gagara, to, ka daina tuhumar direba. Matsalar ta koma hawa na sama, wurin NetworkManager da wpa_supplicant, ko kalmar sirri, ko takardar shaidar cibiyar sadarwar jami'a. Sanin hawan da cuta take shi ne rabin magani.

Amma riga-kafi ya fi magani, kuma a nan ne nake son ƙananan ma'aikata su saurara, domin ku ne kuke rubuta takardun bukatar kaya waɗanda manya ke sa wa hannu. Ku dubi misalin 'yar na'urar Wi-Fi ta TP-Link mai lamba TL-WN722N. Zubinta na farko ƙwayar Atheros ce a ciki, wadda Linux ya sani sarai. Zubi na biyu da na uku kuwa ƙwayar Realtek aka sa, amma suna bai sauya ba. Wanda ya saya da suna kaɗai kifi ya saya a ruwa. Ma'aikatar da za ta sayi kwamfuta ɗari biyar da kuɗin jama'a tana da ikon rubuta sharaɗi guda a takardar kwangila, cewa dole ne ƙwayar sadarwa ta kasance mai direba a cikin cibiyar Linux. Wannan jimla ba ta cin ko sisin kwabo, amma ita ce za ta sa kwamfutar ta ci gaba da amfani a wata makaranta bayan mai Windows ya yafe ta. Kamfanoni ba wa'azi suke ji ba, ciniki suke ji.

Ɗalibi mai sayen gwanjo shi ma yana da makaminsa. Ka tafi kasuwa da Linux a kan filasha, ka roƙi mai shago ya bari ka kunna na'urar da shi ba tare da ka ɗora komai ba. In Wi-Fi ya kama a nan, zai kama a ɗakinka. In kuwa ka riga ka saya, a yawancin tsofaffin kwamfutoci ƙwayar a kan ɗan kati take wanda ake kwancewa da sukurudireba a musanya da na Intel ko Atheros, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo suna ƙin katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya yarda da shi, don haka a bincika tukuna.

Daga ƙarshe ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da sassan nazarin kwamfuta da injiniya. Ku ware rana guda a kowane zango wadda masu sani za su zauna da sababbin shiga a ɗora tsari tare. Ku buɗe rajista ta kwamfutocin da suka fi yawa a hannunmu, da ƙwayar da ke cikin kowace, da maganin da ya yi aiki, a rubuta da Hausa yadda kowa zai gane. Linux kansa ɗalibi ne ya fara shi, Linus Torvalds, a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, kuma direbobin da muke kuka da su a buɗe suke ga duk mai son karantawa. Rahoton matsala guda da aka rubuta da kyau, da lambar ƙwaya da abin da dmesg ya faɗa, gudummawa ce da masu gyara ke maraba da ita ko daga ina ta fito.

Ba na cewa kowa sai ya zama injiniya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya kai jami'a bai kamata ya tsorata da layi biyar na rubutu a baƙin allo ba. Na'urar da ba ka san abin da ke cikinta ba, kuma ba ka da ikon tambaya, haya kake yi ko da ka biya kuɗinta lakadan. Ranar da Wi-Fi ya ƙi kamawa, kafin ka goge Linux, ka tambayi sunan ƙwayar tukuna.