Wa Aka Tambaya Kafin A Ce Wannan Ne Mai Muhimmanci?

'Yan uwa marubuta, makon nan za mu taɓo wani rubutu da ba mu cika karantawa ba, alhali ya shafe mu: rahoton ɗorewa, wanda manyan kamfanonin akantoci da masu ba da shawara irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY suke fitarwa, kuma suke taya wasu kamfanoni rubuta nasu.

Kafin a rubuta layi ɗaya, sai an zauna an tantance abin da ya isa shiga. A jera batutuwa: sauyin yanayi, cin hanci, tsare bayanan abokan hulɗa, walwalar ma'aikata. A raba wa "masu ruwa da tsaki" takardar tambayoyi, a ba kowane batu maki. Na sama ya sha shafuka, na ƙasa a bi ta kansa. Aikin yana da tsari, ba mu musa ba. Rigimarmu tana kan wanda ake miƙa wa takardar. Galibi shugabannin kamfani ne da ma'aikata da abokan ciniki da masu jari. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a nan mai karɓar kuɗin haya ake tambaya.

Kuma ba ɓoye abin aka yi ba. Ƙa'idojin IFRS S1 da S2 da suka fito a watan Yunin 2023, waɗanda Najeriya ta shiga sahun farko wajen rungumarsu, ma'auninsu ɗaya ne: batu yana da muhimmanci idan zai iya sauya shawarar mai zuba jari ko mai ba da bashi. Tarayyar Turai ta ƙara ma'auni na biyu, wato abin da kamfani ke jawo wa mutane da muhalli, ko da bai taɓa aljihunsa ba. Mu wancan na farko muka ɗauka.

To mu ɗora wannan sikeli a Jibia mu gani. A watan Yulin 2018 ambaliya ta shiga garin da dare, ta kashe mutum sama da 40. A Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilun 2022. A tsakiyar haka aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya sake garƙame ta, manyan motoci suka yi layi, 'yan dako a Magama suka zauna hannu rabbana. Ka ba ɗan Jibia waccan takardar, ka ga ko hayaƙin jirgin da manaja ya hau zuwa taro ne zai zo na ɗaya.

Za a ce mana kamfanin akantoci ba gwamnati ba ne, bai rufe iyaka ba, bai saukar da ruwan sama ba. Gaskiya ne. Amma mene ne hajarsa? Shawara da sa hannu. Wutar ofishinsa da takardun da ya rage bugawa ba su kai nauyin sa hannu ɗaya a kan babban aiki ba. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi nan zai ratsa Jibia. Aiki irin wannan ba ya tafiya sai da masu ƙiyasi, masu binciken kuɗi, masu auna illa ga muhalli. Gonar wa za a yanka, nawa ne diyya, ina ruwan damina zai bi bayan an yi ciko, ina burtalin shanu zai koma? Nan ne sawun masu ba da shawara yake. Rahoton da ya ƙirga kwan fitila ya tsallake wannan, ado ne kawai.

Mu da muke koyon rubutu mun fi kowa sanin wannan dabara, domin kullum muna zaɓar abin da zai shiga labari da wanda za mu bari. Bambancin shi ne, su suna kiran zaɓinsu sakamakon bincike, da jadawali mai launi.

Daga 2028 irin wannan rahoto zai zama dole a kan manyan kamfanonin Najeriya. Kafin nan, duk wanda ya samu ɗaya a intanet ya wuce hotunan dashen itatuwa, ya nemi shafin da aka lissafa waɗanda aka tuntuɓa. Ya ƙirga manoma nawa ne a ciki, direbobi nawa, mata masu sayar da abinci a bakin iyaka nawa, ya kawo mana adadin a nan ƙasa.