Lambar da ba a sani ba: mai ciniki ne ko mazambaci?

A zamanin da tarho yake a biro da gidan waya kaɗai, ba a tambayar wane ne ke kira. Ana ɗauka ne, a yi sallama, sannan a ji. Tun da salula ta shigo ƙasar nan a farkon shekarun 2000 al'amari ya sauya: lamba na bayyana bisa gilashi kafin a ji murya, mai waya kuma ya zama alƙali, ko ya ɗauka ko ya ƙyale. Yanzu an kai matsayin da ita kanta wayar ke so ta yi wannan alƙalanci a madadin mai ita. Kafin ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ya ba ta wuƙa da nama, ya kamata ya san da me take yanke hukunci, da kuma waɗanda aka yi dabarar dominsu.

Dabara mafi sauƙi ita ce rufe ƙofa. A shekarar 2019 kamfanin Apple ya sa wa iPhone wani maɓalli wanda in aka kunna shi, duk lambar da ba ta cikin jerin sunayen mai wayar, kuma bai kira ta kwanan nan ba, ba za ta yi ƙara ba. Ana tura mai kiran zuwa akwatin saƙon murya, lambarsa ta zauna cikin jerin kiran da ba a ɗauka ba. WhatsApp ya yi irin wannan a 2023. Wayoyin Android da dama su ma suna da wurin toshe kiran da aka ɓoye lambarsa.

Akwai kuma dabarar tambayar jama'a. Manhajar Truecaller, wadda Alan Mamedi da Nami Zarringhalam suka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2009, tana da babban rumbun lambobi da sunaye. In kira ya shigo sai ta duba rumbun, ta nuna sunan da aka san lambar da shi. In mutane da yawa sun yi ƙarar lambar, gilashin ya yi ja. Manhajar kira ta Google tana yin gargaɗi mai kama da haka, Samsung kuma yana aiki da wani kamfani mai suna Hiya. Abin lura a nan shi ne waya ba ta san kowa ba. Abin da wasu suka faɗa ne take maimaitawa, kamar mai gadin da aka ba takardar sunaye.

Ta baya-bayan nan ita ce sakatariyar na'ura. Google ya fara ta a wayoyinsa na Pixel a 2018, Apple ya bi sahu a 2025: wayar ce ke ɗaukar kira da kanta, ta tambayi mai kira sunansa da abin da ke tafe da shi, ta rubuta amsar bisa gilashi. Abin sha'awa ne, amma wannan sakatariya ba ta jin Hausa, ba ta jin Zabarmanci, kuma wayoyin da suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram su ne Tecno da Itel da Infinix, ba Pixel ba.

Dukan waɗannan dabaru an ƙirƙiro su ne a ƙasashen da baƙuwar lamba take nufin ɗan talla. A Amurka na'urori ke buga wa mutane waya ba dare ba rana, har aka yi doka a 2019, aka kuma tilasta wa manyan kamfanonin waya, daga tsakiyar 2021, su riƙa tabbatar da cewa lambar da ta bayyana ta mai kiran ce. A Faransa an buɗe rajistar Bloctel a 2016 domin waɗanda ba su son kiran talla. Daga 2023 aka ware wa masu tallar lambobi nasu, irin masu farawa da 0162 da 0948, aka hana su kira Asabar da Lahadi, aka kuma ƙayyade musu kira huɗu a wata ga mutum ɗaya. Bafaranshen da ya sa wayarsa ta yi shiru ga baƙo bai yi asarar komai ba, domin mai neman sa da gaske zai bar saƙo ko ya rubuto.

A nan ba haka abin yake ba. Ga mai sayar da albasa a Galmi ko mai shago a babbar kasuwar Maraɗi, baƙuwar lamba ita ce abincin yini. Dillali ne daga Kano ya karɓi lambar a hannun wani. Direba ne ya tsaya wurin ƴan duwan a Ɗan Isa, kuɗin wayarsa ya ƙare, ya ari ta abokin tafiya. Yaron mota ne a hanyar Lome ya sayi sabon layi domin na gida ba ya aiki can. Mutane da yawa suna riƙe da layi biyu ko uku, suna kira da wanda yake da kuɗi a ranar. Ba kowa ke iya rubuta saƙo ba, akwatin murya kuwa kusan ba wanda ke leƙa shi. Wanda ya kira sau biyu bai samu ba zai nemi maƙwabcin shago, ciniki ya tafi. In kaya masu lalacewa ne cikin mota, asarar yini ɗaya na iya kai jika ɗari ko fiye. Saboda haka maɓallin shiru, ga ɗan kasuwa, ya fi kama da rufe shago domin gudun ɓarawo.

Ma'aikacin gwamnati na iya samun ɗan amfani a ciki, musamman na WhatsApp, inda baƙin kira daga ƙasashen waje suka yi yawa. Amma shi ma ya tuna da ƙauye. Labarin rashin lafiya ko rasuwa sau da yawa da wayar maƙwabci ake bugo shi.

Sunan da Truecaller ke nunawa ma abin taka-tsantsan ne. Mutane ne ke sa shi, kuma mai lamba na iya yi wa kansa rajista da sunan da ya ga dama. Mazambaci ba ya rasa wayon rubuta sunan banki ko na kamfanin waya. Sabon layin da aka saya jiya kuwa ba wanda ya riga ya yi ƙararsa, zai shigo fari fat ba gargaɗi. Ga kuma kiran da ke bi ta intanet, wanda ake iya manna masa lambar da ba tasa ba. Sannan rumbun nan da sunayen mutane aka cika shi, har da na waɗanda ba su taɓa jin sunan manhajar ba. Wannan ya sa hukumar NITDA ta Najeriya ta buɗe bincike kan kamfanin a 2019. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ma'aikacin da wayarsa ke cike da lambobin shugabanninsa da abokan aiki ya dace ya karanta izinin da kowace manhaja ke nema kafin ya danna amincewa, domin amanar wasu ce a hannunsa.

To, in waya ba ta iya tantancewa, ina hatsarin yake? Ɗaukar kira kaɗai ba ya ɗebe kuɗi daga asusun kowa. Ɓarnar tana cikin abin da ke biyo baya. Akwai kiran da ke yin ƙara sau ɗaya ya katse, wanda Japanawa suka sa wa suna wangiri. Ana so ne mutum ya maida kira zuwa lamba mai tsada ta ƙasar waje, a riƙe shi da kiɗa ko surutu, kuɗinsa na zuba. Wannan tarko ya fi kama mutanen da suka saba da al'adar bip, inda ƙara ɗaya ke nufin "kira ni". Kuma lambobin ƙasashe sun yi kama: Nijar 227, Burkina Faso 226, Togo 228, Benin 229, Gana 233, Najeriya 234. Ido na iya wucewa da sauri bisa wata lamba mai kama da su. Wanda ke da gaske zai sake kira.

Sauran duk da baki ake yin su. Wani ya ce an ci kyauta, sai an biya kuɗin fito. Wani ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, ga ma saƙon shaida, alhali saƙon shi ya rubuta shi da hannunsa. Duba asusu kafin maida ko dala ɗaya ya isa ya tona shi. Wani ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya aiko, da su zai ƙwace asusun ya shiga roƙon ƴan uwa da sunan mai shi. Ma'aikaci kuma ana iya ce masa dosiyensa na ƙarin girma ko na bashin albashi ya fito, a aiko da wani abu a hanzarta sa hannu. Alamarsu ɗaya ce: gaggawa, da neman lambar sirri ko kuɗi. Kamfanin waya da banki ba su tambayar lambar sirri ta tarho. In an ambaci sunan ɗa ko ƙane ko shugaban aiki, sai a katse, a kira shi ta lambarsa da aka sani tun da.

Toshe lambar macuci bayan an gane shi abu ne mai kyau, sai dai bai isa ba, domin gobe da wani layi zai dawo. Tunda an wajabta rajistar kowane layi da takardar shaida, ƙara wurin kamfanin waya, ko hukumar ARCEP, ko kwamisariya da jandarmomi, ita ce ke iya kai wa ga mai layin ko ga wanda ya sayar da shi ba bisa ƙa'ida ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 tana nan. Mai kai ƙara ya adana saƙon da lambar da sa'ar da aka kira, kada ya goge su don haushi ko kunya.